Darasi: Yadda Ake Ɗaure Giyar Baya ta Keken Fiksi Don Kada Ta Kwance a Kan Hanya

Yau za mu ɗan ajiye waya da kwamfuta, mu duba wata na'ura wadda ba ta da batir kuma ba ta da manhaja, amma tana da ƙa'idar da idan aka saɓa mata sai a ji a jiki. Wannan na'ura ita ce keken da ake kira fiksi.

Da yawanmu mun sha ganinsa a bidiyoyin YouTube da TikTok: matashi a titin New York ko London ko Tokyo yana sheƙa gudu, can sai ya ƙanƙame feda, tayar baya ta ja ƙasa, keke ya tsaya ba tare da ya taɓa birki ba. Abin yana burgewa, shi ya sa wasu ke neman irin keken cikin kayan gwanjo, wasu kuma su yi ƙoƙarin mayar da tsohon kekensu haka. Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne, duk waccan tsayawar ta rataya ne a kan ƙananan ƙarafa biyu da ke tsakiyar tayar baya. Idan suka kwance kana cikin gudu, feda za ta koma juyawa a banza, kuma idan babu birki a keken, babu sauran abin da zai tsayar da kai. Don haka darasinmu na yau a kan waɗannan ƙarafa biyu yake: yadda suke aiki, yadda ake ɗaure su, da yadda za ka tabbatar sun ɗauru.

Mene ne keken fiksi?

A keken da muka saba da shi, idan ka daina taka feda keke yana ci gaba da tafiya, kana jin ƙarar tik-tik-tik daga baya. Abin da ke ba da wannan damar shi ne firiwil. A fiksi babu firiwil. Giyar baya a manne take da taya kamar abu ɗaya. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa. Idan ka taka baya, keke zai yi baya. Idan ka tauye feda da ƙarfin ƙafa, keke zai rage gudu.

Wannan ba sabuwar fasaha ba ce, ita ce ma ta asali. Har gobe irin wannan keke ake hawa a tseren zagayayyen fili na gasar Olamfik, kuma ba a saka masa birki. Da shi ake tseren Keirin na ƙasar Japan, wanda aka fara a 1948. A nan Najeriya ma akwai irin wannan fili a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina domin gasar wasannin Afirka ta 2003. Daga filin tsere ne keken ya fito titi, musamman ta hannun masu kai saƙo a kan keke a manyan biranen Amurka, waɗanda suka so shi saboda sassansa kaɗan ne, ba ya yawan lalacewa.

Sai dai ka lura da bambanci ɗaya. A filin tsere kowa hanya ɗaya yake bi, babu mota, babu mai tsallaka titi, kuma a hankali ake rage gudu. A titi kuwa sau da yawa za ka buƙaci tsayawa nan take. Kowace irin wannan tsayawa jarrabawa ce ga giyar baya.

Sassan da ya kamata ka sani

Kafin mu shiga aiki, bari mu daidaita sunaye don kada mu rikice a gaba.

Cibiyar taya: ƙarfen da ke tsakiyar taya, inda duk wayoyin taya suka haɗu. Yawanci da alminiyam ake yin ta.

Giyar baya: ƙaramin faifai mai haƙora wanda sarƙa ke hawa a baya. Yawanci da ƙarfe mai tauri ake yin ta, kuma an fi samun mai haƙori 15 zuwa 18.

Zoben kulle: siririn zobe mai tsaga-tsaga a gefensa, wanda ake ɗaurawa a bayan giya don ya tokare ta.

Layin murɗi: waɗannan layukan da ke zagaye jikin kusa da cikin noti, waɗanda suke sa noti ya shiga idan an murɗa shi.

Ɗauki tayar bayan fiksi ka dubi cibiyar ta gefen sarƙa. Za ka ga layin murɗi hawa biyu, kamar matakala. Na ciki ya fi faɗi, nan giya ke zama. Na waje ya ɗan fi shi ƙanƙanta, nan zoben kulle ke zama. Idan cibiyarka hawa ɗaya kawai take da shi, to ta firiwil ce, ba ta fiksi ba. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya sa hawa biyu?

A nan duk hikimar take. Giya tana ɗauruwa ne ta hannun dama, wato yadda agogo ke juyawa, kamar kowane noti. Idan ka tsaya ta gefen sarƙa kana kallon keke yana tafiya gaba, ita ma taya yadda agogo ke juyawa take juyawa. Ke nan duk lokacin da ka taka feda gaba, ƙara ɗaure giya kake yi. Amma da zarar ka tauye feda don ka tsaya, sarƙa za ta ja giya ta ɗaya ɓangaren, wato ɓangaren kwancewa.

Shi kuwa zoben kulle layinsa na hagu ne, yana ɗauruwa ne saɓanin yadda agogo ke juyawa. Saboda haka idan giya ta so kwancewa, za ta goga jikin zoben ta ja shi zuwa hagu, hagu kuwa shi ne ɓangaren da zoben ke ƙara ɗauruwa. Ƙarfin da ke son kwance ɗaya shi ke ƙara matse ɗayan.

Bari mu ɗan yi lissafi don ka ga girman ƙarfin da ake magana. A ce nauyinka kilo 70, ka miƙe tsaye a kan feda ɗaya, tsawon hannun feda milimita 170, giyar gaba kuma mai haƙori 48. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar wannan giya da haƙoranta kusan milimita 97 ce. Idan ka ninka 70 da 170 ka raba da 97, za ka samu kusan 120. Ma'ana sarƙa tana jan giyar baya kamar an rataya mata kaya mai nauyin kilo 120. Wannan nauyin jikinka ne kawai. Lokacin da ka ƙanƙame feda cikin gudu, ƙarfin yana zuwa ne da fizga, kuma zai iya wuce haka.

Yanzu ga muhimmin abu a duk wannan darasi. Zoben kulle ba ya amfani sai idan giya ta riga ta ɗauru har ƙarshe. A ce ka ɗaura giya da hannu kawai, sannan ka matse zobe a bayanta da dukkan ƙarfinka. Da ka hau ka taka da ƙarfi, giya za ta ƙara shiga ciki kaɗan, ta bar 'yar tazara tsakaninta da zoben. Zoben da ka matse ɗazu yanzu ba ya tokare komai. Idan ka tauye feda, giya za ta dawo baya ta bugi zoben. Ka taka gaba, ta koma. Wannan kai-da-komo shi ke cinye layin murɗin cibiya, tunda alminiyam ya fi ƙarfen giya laushi. Wata rana sai layin ya sāki gaba ɗaya. Don haka tsarin aiki shi ne: giya tukuna har ƙarshe, sannan zobe, sannan a sake dubawa bayan an hau.

Kafin ka saya, duba dacewa

Kamar yadda ba kowace caja ce ke shiga kowace waya ba, haka ba kowane zobe ne ke dacewa da kowace cibiya ba.

Layin giya kusan iri ɗaya ne a ko'ina: faɗin inci 1.37, layi 24 a kowane inci. Zoben kulle ne yake da iri-iri. Akwai ma'aunin Ingila, inci 1.29, wanda Shimano da yawancin cibiyoyin da ke kasuwa suke amfani da shi. Akwai ma'aunin Italiya, inci 1.32, wanda Campagnolo da Phil Wood suke amfani da shi. Akwai kuma na Faransa, milimita 33, a wasu tsofaffin cibiyoyi. Bambancin na Ingila da na Italiya bai kai milimita 1 ba, ido ba zai gane ba. Zoben Italiya zai hau cibiyar Ingila, har ka ɗauka ya yi, alhali gefen layukan kawai ya kama. Da an matse shi ko an tauye feda, sai ya cinye layin. Mafi sauƙi shi ne ka yi amfani da zoben da ya zo tare da cibiyar. Idan ya ɓata, karanta sunan kamfanin a jikin cibiyar, ka bincika ma'auninta a intanet kafin ka biya kuɗi.

Sai kaurin haƙori. Sarƙar keke mai giya ɗaya iri biyu ce: mai faɗin 1/8 na inci da mai faɗin 3/32. Sarƙa mai 1/8 tana hawa giya ta kowane irin. Amma sarƙa mai 3/32 ba ta hawa giya mai 1/8, don haƙoran sun fi ta kauri.

Sannan ka dubi cikin giyar da kanta. Wasu masu araha da siririn faifai ake buga su, layin murɗinsu bai fi zagaye kaɗan ba. Duk wancan nauyin da muka lissafa a kan waɗannan 'yan layuka zai sauka. Nemi giya mai kaurin gindi, wadda layukanta suka fita tsaf. Kuɗin giya mai kyau bai kai na sabuwar cibiya da sake ɗinka taya ba.

Kayan aiki

1. Sifanar sarƙa: dogon ƙarfe ne mai guntuwar sarƙa a kansa, da shi ake kama haƙoran giya. A shagunan intanet sunanta chain whip. Ka tabbata wadda za ka saya tana hawa giya mai 1/8, don da yawa na kekuna masu giya da yawa ne, sarƙarsu siririya ce.
2. Sifanar zobe: mai kai kamar ƙugiya, wadda ke shiga tsagar zoben kulle. Sunanta lockring spanner.
3. Sifana mai lamba 15 don notocin taya.
4. Giris.
5. Tsumma da tsohon buroshin haƙori.
6. Maka mai rubutu a kan ƙarfe, da wayarka.

Matakan ɗaurawa

Mataki na 1: Cire taya ka tsabtace. Goge layukan cibiya, na giya da na zobe da buroshi har sai babu yashi ko tsohon giris. Haska fitilar waya ka duba. Idan ka ga layukan cibiya sun kwanta, ko kana ganin ɓarɓashin alminiyam kamar siririn zare, tsaya a nan. Wannan cibiyar ta gama aiki a matsayin ta fiksi.

Mataki na 2: Shafa giris kaɗan a hawa biyun. Wasu na ganin giris zai sa giya ta kwance. Ba haka ba ne. Giris ne ke sa ta shige har ƙarshe ba tare da ta cije a rabin hanya ba, kuma shi ke hana ƙarfe da alminiyam mannewa da tsatsa.

Mataki na 3: Duba fuskar giya. Gefe ɗaya yana da tudu kamar wuya, ɗayan a shafe yake. Gefen mai wuya shi ke kallon ciki, wajen wayoyin taya.

Mataki na 4: Fara murɗawa da yatsu, zuwa dama. Dole ta shiga da sauƙi har ta kai ƙarshe. Idan ta cije tun zagaye na farko ko na biyu, to ta hau a karkace. Kwance ka sake. Kada ka taɓa saka sifana a kan giyar da ta ƙi shiga da hannu, don minti ɗaya ya isa ka lalata cibiya.

Mataki na 5: Matse da sifanar sarƙa. Tsayar da taya a ƙasa da iskarta, ka jingina ta da ƙafafunka. Naɗa sarƙar sifanar a kan haƙora yadda za ta kama da yawa, ka sa hannun sifanar ya kwanta a miƙe, sannan ka danna ƙasa da nauyin jikinka. Dannawa a hankali ake yi, ba fizga ba. Ka kula da inda yatsunka za su faɗa idan sifanar ta zame, don haƙoran giya da wayoyin taya suna yanka. Ci gaba har sai ka ji ta daina motsi ƙwata-ƙwata.

Mataki na 6: Saka zoben kulle da yatsu, zuwa hagu. A nan akwai abin dubawa da mutane ke mantawa. Zoben dole jikin giya zai taɓa. Idan giyar siririya ce, zoben zai iya kaiwa ƙarshen nasa hawan ya tsaya a jikin cibiya, alhali akwai 'yar tazara tsakaninsa da giya. Za ka ji ya matsu, amma ba giyar ya matse ba. Haska fitila ta gefe, ko ka gwada cusa gefen takarda a tsakaninsu. Idan takarda ta shiga, kana buƙatar giya mai kauri ko siririn wasa na ƙarfe da aka yi don cike wannan gurbi.

Mataki na 7: Matse zoben da sifanarsa. Ka tabbata ƙugiyar ta zauna sosai cikin tsaga, ka dafe ta da ɗaya hannun don kada ta fita. Matse shi sosai, amma ka tuna layukansa kaɗan ne, kada ka ƙara wa sifanar bututu don tsawo, kuma kada ka taka ta da ƙafa. Idan kana da sifana mai auna ƙarfi, bi adadin da kamfanin cibiyar ya rubuta.

Kada ka yarda a bugi zoben da guduma da sukudireba. Masu gyaran keke da yawa sun saba da firiwil ne, wanda ba ya buƙatar wannan lura. Duka yana fasa tsagar zoben, kuma ba ka da yadda za ka san iya matsewar da ya yi. Idan za ka kai wa mai gyara, ka gaya masa tun farko cewa zoben na hagu ne, don kada ya murɗa shi ta inda ya saba.

Idan ba ka da sifanar sarƙa

Ƙafarka ta fi hannunka ƙarfi, don haka za ka iya amfani da ita, da sharaɗin akwai birkin gaba mai aiki. Ɗaura giya da hannu, ka saka zobe ya taɓa ta, ka mayar da taya. Nemi wuri mai ɗan hawa inda babu motoci. Miƙe tsaye a kan feda ka taka da ƙarfi sau da yawa. Kada ka tauye feda ko sau ɗaya, da birki kawai za ka tsaya. Sauka, ka matse zoben da sifanarsa. Za ka ga ya ƙara shiga, shaidar cewa giya ta matsa ciki ke nan.

Akwai wata dabara da ake kira rotafix. Ana sauke sarƙa daga giyar gaba ta kwanta a kan bodin keke, a wurin da sandar feda ta ratsa, bayan an naɗa tsumma don kada fenti ya karce. Sai a naɗe sarƙar a kan giyar baya har ta hau kanta ta cije, sannan a kama taya da hannu biyu a juya ta baya. Tana ɗaurewa ƙwarai, har ma tana iya wuce kima ta cinye layin cibiya mai araha. Idan za ka yi, yi a hankali. Kuma ka sani dabarar ɗaure giya ce kawai, ba ta maye gurbin zoben kulle.

Mayar da taya

Giya mai kyau ba za ta cece ka ba idan sarƙa ta faɗi. A fiksi faɗuwar sarƙa matsala biyu ce: ko ka rasa hanyar tsayawa, ko sarƙar ta cushe tsakanin giya da bodi ta kulle taya nan take.

Ja taya baya har sarƙa ta miƙe, ka tabbata taya tana tsakiyar bodi, sannan ka matse notoci biyun da kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan. Juya feda a hankali ka nemo inda sarƙa ta fi tauri, domin giyoyi ba su cika zama da'ira cif ba. A wannan wurin, tsakiyar sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 1. Idan ta yi tauri kamar tsirkiya, za ta cinye boris. Idan ta yi sako-sako, za ta faɗi.

Sai ka tsuguna a bayan keke ka kalli sarƙar. Ya kamata ta tafi a miƙe daga giyar baya zuwa ta gaba. A yawancin kekunan fiksi, daga tsakiyar bodi zuwa tsakiyar sarƙa kusan milimita 42 ne gaba da baya. Sarƙar da ta karkace tana ƙara, kuma ta fi saurin faɗuwa.

Gargaɗi: kada ka goge sarƙar fiksi da tsumma alhali taya na juyawa. A keke mai firiwil idan yatsa ya shiga, feda za ta tsaya. A fiksi nauyin taya zai ci gaba da jan sarƙa da yatsan a ciki. Sheldon Brown, makanikin keke ɗan Amurka wanda ya rasu a 2008, wanda rubuce-rubucensa suka koya wa mutane da yawa harkar fiksi, ya ja kunne sosai a kan wannan haɗari. Haka kuma bakin wando, igiyar takalmi da gefen doguwar riga: duk abin da sarƙa ta kama ba za ta sake shi ba. Naɗe su kafin ka hau.

Gwaji da maka da waya

Ga hanya mai sauƙi ta sanin ko wani abu ya motsa. Bayan ka gama, ja layi ɗaya da maka ya ratsa zobe, giya da jikin cibiya. Ɗauki hotonsa da waya, kusa-kusa. Hau keke na minti goma a wurin da babu cunkoso, ka taka da ƙarfi, ka ɗan tauye feda a hankali. Sauka ka gwada layin da hoton.

Idan layin yana nan a miƙe, aiki ya yi. Idan layin giya ya goce gaba, ta ƙara shiga, sai ka sake matse zobe, ka goge layin ka ja sabo. Idan ya goce baya, zoben bai riƙe ba, kada ka ci gaba da hawa sai ka gano dalili.

Ko layin bai motsa ba, sake saka sifana a kan zoben bayan hawan farko, da kuma bayan mako guda. Saka tunatarwa a wayarka. Daga nan duba layin duk lokacin da za ka yi wa taya iska ya wadatar.

Alamar da za ka ji a ƙafa ita ce: kana takawa gaba, ka tauye, sai ka ji feda ta ɗan zame kafin ta kama, wani lokaci da 'yar ƙara. Sarƙa mai sako-sako ma tana ba da irin wannan jin, to layin maka ne zai raba gardama. Ko ma wanne ne, sauka ka duba.

Dabarun da za ka guje wa

Na farko, ɗaura giyar fiksi a kan cibiyar firiwil mai hawa ɗaya. Giyar za ta shiga daidai, don layinsu ɗaya ne, amma babu wurin zoben hagu. Masu keke a Turai da Amurka suna kiran wannan haɗi da sunan da ke nufin cibiyar kashe kai, sunan kaɗai ya isa bayani.

Na biyu, ƙara wani zobe mai layin dama a bayan giyar, irin wanda ake samu a wurin sandar feda ta tsofaffin kekuna. Tunda shi da giya ɓangare ɗaya suke kwancewa, ƙarfin da ya kwance ɗaya zai iya tafiya da duka biyun.

Na uku, dogaro da gam ɗin noti irin su Loctite. Shuɗin ana iya kwance shi da sifana, jan kuwa sai an gasa da wuta. Suna da amfaninsu a wasu wurare, amma ba sa kamawa a kan giris ko datti, kuma ba ka da hanyar ganin ko sun kama. A cibiya mai hawa biyu ba ka buƙatarsu.

Na huɗu, yi wa firiwil walda don ya daina juyawa baya. Ka kashe firiwil ɗin, amma har yanzu a kan layin dama yake zaune babu mai tokare shi. Ranar da ka tauye da ƙarfi zai kwance gaba ɗayansa.

Idan kana son fiksi da gaske, nemi tayar da ke da cibiya mai hawa biyu. Akwai mai fuska biyu, gefe ɗaya fiksi ɗaya gefen firiwil, sai ka juya taya ka zaɓi wanda kake so. Ita ta fi dacewa da mai koyo. Akwai kuma giyar da ake ɗaurawa da kusoshi shida a mazaunin faifan birki, wadda ba ta da layin da zai kwance sam.

Birkin gaba

Duk wanda ya taɓa rasa hotunansa saboda waya ta lalace ya san amfanin ajiye kwafi a wani wuri. Birkin gaba shi ne kwafinka. Ko ka ɗaure giya yadda ya kamata, sarƙa na iya tsinkewa, ƙafa na iya zamewa daga feda. Ban da haka, idan ana tsayawa nauyi gaba yake komawa, don haka tayar gaba ce ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da keke. Mai jan tayar baya kaɗai yana buƙatar tazara mai tsawo fiye da mai birkin gaba.

A Birtaniya doka ta ɗauki giyar fiksi a matsayin birkin baya, amma ta wajabta birkin gaba a kan titi. A 2016 wani matashi a London ya buge wata mata da keken tsere marar birkin gaba, ta rasu. A 2017 kotu ta yanke masa hukuncin tsarewa na wata 18. Wato ba ranka kaɗai ne a kan wannan ƙaramin ƙarfe ba, har da na mai tsallaka titi.

Idan za ka kwance

Bi tsarin a juye. Zobe tukuna, kuma zuwa dama ake kwance shi, yadda agogo ke juyawa. Sannan giya, zuwa hagu, da sifanar sarƙa. Kada ka gwada kwance giya alhali zobe na nan, ƙara matse shi kawai za ka yi. Duk lokacin da ka canza giya, ko da na ɗan lokaci ne, sai ka sake bin matakan nan daga farko, har da layin maka.

A taƙaice, kafin ka fita titi ka tabbatar da abu biyar: cibiya mai hawa biyu ce, zoben na ma'auninta ne, giya ta ɗauru har ƙarshe kafin a matse zobe, an sake matse zoben bayan hawan farko, kuma akwai birkin gaba mai kamawa. Idan ɗaya ya rasa, ajiye keken har sai ka gyara.

A nan za mu dakata. Allah Ya tsare mu a kan hanya, sai mun haɗu a darasi na gaba.